Abin da na tsinta a maganar ciwon kafaɗa da na jijiyar gefen kai

Jama'a tattaunawar da aka yi kan ciwon kafaɗa da kumburin jijiyar jini ta gefen kai ta yi tsawo, ga abin da na harhaɗa:

1. Kowa ya yarda polimayaljiya, wato ciwon kumburi mai sandarar da kafaɗu, ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, mata sun fi yawa. Kafaɗu biyu da wuya da ƙugu su sandare da safe, mutum ya kasa ɗaga hannu ya sa riga, sai rana ta ɗaga jiki ya saki. Da yawa sun ce da farko sanyin ƙashi suka ɗauka.

2. Gwajin jini na ESR da CRP yana nuna kumburi amma shi kaɗai bai isa ba, likita sai ya haɗa da alamomi.

3. Nan babu musu ko kaɗan: sabon ciwon kai a gefen goshi, fatar kai ta yi zafi wajen taje gashi, muƙamuƙi ya gaji wajen tauna, ko ido ya fara dishi-dishi, to asibiti a ranar, don alamun kumburin jijiyar jini ta gefen kai ne, wanda kan zo tare da polimayaljiya, kuma makantar da yake kawowa ba ta warkewa. Ana fara firednisolon, maganin rage kumburi, miligiram 40 zuwa 60 tun kafin a yanki ɗan guntun jijiyar a duba.

4. Na kafaɗa kuwa miligiram 15 ake yawan farawa, cikin kwanaki kaɗan a ji sauƙi.

5. Inda aka rabu shi ne rage maganin. Wasu sun gama a shekara guda, wasu sun wuce biyu ciwon na dawowa, wasu har aka ƙara musu metotirezet, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. Amma babu wanda ya ce a yanke shi lokaci ɗaya, kuma a riƙa auna suga da hawan jini, a sha kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi.