Ina kake lokacin da Aguero ya ci ƙwallon nan?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya a majalisa aka tado zancen yadda Manchester City ta ɗauki kofin Firimiya a kakar 2011/2012, sai na ga ashe kowa da nasa labarin ranar ƙarshe, Lahadi 13 ga Mayu 2012. Bari in fara. Ni ɗan United ne. A gidan kallon unguwarmu talabijin biyu aka kafa, ɗaya City da QPR, ɗaya mu da Sunderland. Rooney ya ci mana tun kafin hutu, aka tashi 1–0. Lokacin da alƙali ya busa tashi a namu wasan, City na 2–2, wato kofi na hannunmu. Na haye benci, na tuɓe riga ina kaɗawa. Ban ko sauko ba na ji ɗaya ɓangaren ya kece da ihu: Aguero ya ci wa City ta uku a ƙarin lokaci, 3–2, kofi ya koma hannunsu. Da rigar a hannu na taka har gida.

Masoyin Yaya: Kai ka ma gani da idonka. A lokacin mu 'yan City ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, ni ma Yaya Toure na biyo daga Barcelona. Shi ya ba Zabaleta ƙwallon farko, sai ga shi yana ɗingishi, aka cire shi kafin hutu. Na je na yi la'asar hankalina kwance, ina dawowa na tarar Cisse ya farke. Aka ba Joey Barton jan kati, na ce shi ke nan, mutum goma ba za su iya da mu ba. Sai Mackie ya sa ta biyu da ka. Ana saura minti biyar na sulale, don na san tsiyar da za a yi mini. Ina gaban mai shayi na ji ihun farko, na Dzeko. Na juya da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke, ina isa ƙofa mutane suka yo waje suka ture ni. Shekara 44 kulob na jiran kofin nan, ni kuwa na kasa jiran minti goma. A maimaici na ga yadda Balotelli ya tura wa Aguero ƙwallon yana faɗuwa.

Mai gidan kallo: Ni ranar asara na tafka. An ɗauke wuta tun azahar, inji ke aiki, gumi kamar a gidan burodi. Benci uku aka karya mini, fanka ɗaya ta tashi aiki. Abin haushin, yawancin masu tsallen 'yan Arsenal da Chelsea da Liverpool ne.

Ɗan Arsenal: Mu ne, kuma ba mu tuba ba. Amma Ɗan Fagge, ka daina ɗora wa Aguero. Tun Afrilu kuka zubar da kofin. Tazarar maki takwas kuka bayar saura wasa shida, Wigan ta doke ku, Everton ta riƙe ku 4–4 a gidanku bayan kuna 4–2, sannan Kompany ya sa muku da ka a Etihad. Kun gama da maki 89 kamar su, yawan ƙwallaye ya raba gardama: rarar 64 gare su, 56 gare ku. To ka tuna 6–1 ɗin da yaran Mancini suka yi muku a Old Trafford.

Maman 'Yan Biyu: Ni ban san ofsayid ba har yau. Abin da na sani, maigida ya ce in yi dambun shinkafa da yawa, abokansa za su zo shagali, wai akwai ɗan Najeriya Taye Taiwo a QPR, zai tare masa City. Bayan magariba ya shigo shi kaɗai, ko amsa sannu bai yi ba. Almajirai suka ci dambu har da guzuri.

Mai gidan kallo: Ɗan Fagge, ɗaya daga cikin bencin nan kai ka hau shi. Ina nan ina jiran kuɗin kafinta.