Wai sai ƙofar fotasiyam ta buɗe kafin tsoka ta ginu?

Ɗalibar likitanci: Salamu alaikum. Yau a aji an ce mana ƙwayoyin da ke zama tsokar ɗan Adam ba sa haɗewa sai ƙofar fotasiyam mai suna Kir2.1, wato wata 'yar kafa a bangon ƙwaya da sinadarin fotasiyam ke bi, ta buɗe. Ni dai wannan "sai" ɗin ya yi mini ƙarfi.

Malamin ilimin jiki: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, 'yata. Zaren tsoka ɗaya ƙwayoyi ne da yawa suka narke cikin juna, shi ya sa za ki ga cibiyoyin ƙwayoyin jere a cikinsa. Laurent Bernheim da Charles Bader a Jami'ar Jeniba sun raini irin waɗannan ƙwayoyi na mutum a faranti, suna auna lantarkin bangonsu. Muddin ƙwaya tana ta rabuwa, awon yana wajen -8 milibolt. Wata ƙofar fotasiyam mai suna EAG ta sauke shi zuwa kusan -32, sannan Kir2.1 ta kai shi wajen -65. A 2001 suka hana ƙwayoyin ƙera Kir2.1, haɗewa kuwa ta tsaya.

Mai aikin ɗakin gwaji: Malam, da girmanka, amma faranti daban, jiki daban. An yi ɓerayen da babu Kir2.1 a jikinsu ko kaɗan. Da tsokarsu aka haife su. Tsagewar ganɗa ce ke kashe su a ranar farko. Idan ƙofar ce mabuɗi, ina suka samo tsokar?

Ɗalibar likitanci: Abin da ke raina ke nan, Yaya. Ga kuma masu ciwon Andersen-Tawil, da aka gano a 2001 cewa matsalarsu a Kir2.1 take. Ƙafafu kan mutu musu na ɗan lokaci, bugun zuciya ya rikice, amma suna tafiya suna aiki.

Malamin ilimin jiki: Su waɗannan kwafi ɗaya ne na ƙwayar gadon Kir2.1 ya lalace cikin biyun da suka gada, ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Na ɓera kuwa na karɓa, hujja ce mai nauyi. Kir2.1 tana da 'yan uwa irin su Kir2.2, mai yiwuwa su ke rufa mata asiri. Sai dai ku duba abin da saukar lantarkin ke yi. Idan cikin ƙwaya ya ƙara zama nagetif, kalsiyam yakan samu ƙarfin kwararowa ciki. Kalsiyam ya ta da wani furotin mai suna kalsinurin, shi kuma ya kunna furotin miyojenin da MEF2, masu ba da umarnin zama tsoka. Mutanen Jeniba sun nuna a 2004 cewa saukar lantarkin ce ke riga waɗannan biyun. Ni wannan jerin ne ya kama ni tun ranar da na fara karanta shi: umarnin ƙwayoyin gado yana jiran lantarki.

Mai ɗaga ƙarfe: Ku yi haƙuri da ni, ba fannina ba ne. Ke nan in na yawaita ayaba da kunun kanwa damtsena zai ƙaru?

Malamin ilimin jiki: A'a, ɗana. Buɗewar ƙofa ake magana, kuma daga cikin ƙwaya ake buɗe ta, ta hanyar cire mata wani ɗan fosfet. Fotasiyam na jini ƙoda ce ke tsare shi tsakanin milimol 3.5 da 5 a kowace lita, in ya haura sosai zuciya ce ke shiga haɗari. Kanwa ma mafi yawanta sodiyam ne. Don Allah kar ka sha ƙwayar fotasiyam ba da izinin likita ba.

Mai aikin ɗakin gwaji: Wannan kam bakinmu ɗaya. Amma Malam, ba mu gama ba. A 2013 an gano wani furotin mai suna Myomaker a ɗakin binciken Eric Olson a Dallas. Ɓeran da ba shi da shi, ƙwayoyinsa sun zama na tsoka amma ko kaɗan ba su haɗe ba. Myomaker ne ya cancanci a ce masa "sai".

Malamin ilimin jiki: Myomaker shi ke ɗinke bango da bango, ban musa ba. To wa ke kunna shi? Miyojenin da MyoD, wani mai ba da umarnin zama tsoka. Ka ga mun koma kan lantarki.

Mai aikin ɗakin gwaji: A farantin ƙwayoyin mutum, na yarda. A cikin jiki, ina nan kan bakana har a kawo abin da zai amsa maganar ɓeran nan.

Ɗalibar likitanci: To Malam, in aka tambaye mu a jarrabawa, zan rubuta "a faranti" kafin in rubuta "sai".