Musayar Waƙa Kan Kantirin 'Yan Tawaye Na Shekarun 1990

Malam Tsirkiya:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Fagen yau na kiɗan kantiri ne, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, wanda samarin ƙasar suka gauraya da kiɗan rok a shekarun 1990. Amsa da waƙa kawai, kowa ya zaɓi amsa-amonsa. Na buɗe.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Zancen kiɗan da kunne ke kewar jiyowa.

A Belleville ta jihar Illinois aka soma,
Samari uku ne, ba su da kuɗin kashewa.

Jay Farrar da Jeff Tweedy ke jan waƙa,
Mike Heidorn na baya, ganga yake bugawa.

Uncle Tupelo ne sunan da suka ɗauka,
A 1990 faifansu na fari ya yi fitowa.

No Depression suka raɗa wa faifan,
Waƙar Carter Family ce suka yi wa sabuntawa.

Ta 1936 ce, zamanin talaucin Amurka,
Samarin nan suka tono ta, ta sake rayuwa.

Kwana goma a Boston aka ɗauki aikin,
Dala 3,500 kacal aka yi biyawa.

Saurin punk, rok mai zafi, a ganga, kukan kantiri a maƙogwaro,
Zancen masana'anta da ke ta rufewa.

Lokacin Nashville, cibiyar kantiri, ta sha kwalliya ta ƙoshi,
Garth Brooks manyan filaye yake cikawa.

Su ko ƙananan ɗakuna da tsohuwar mota,
Sai kaset daga hannu zuwa hannu yana zagawa.

Autan Faifai:

Malam, ranka ya daɗe, ina da tambaya,
Kantirin da rediyonmu ya saba sakowa tun jiya,
Don Williams ne da Jim Reeves, murya kwance lafiya,
Wannan naku mai kaushi, ina ya samo hayaniya?

Wace jita zan riƙa, wace lamba ce ta tsirkiya?
Wace amfilifaya ke ba da sautin gaba ɗaya?
A faɗa mini dalla-dalla, kar a rage gaskiya,
Ku kun ji da kunnenku, mu mun zo daga baya.

Ɗan Bawul:

Auta, matso ka sha bayani,
Telecaster ta Fender ce uwa a wannan fanni,
Da wuya ka juya faifai ba ka tsinkayo ta ba.

Kunnen maganaɗisu biyu ne a jikinta,
Na gindi ka zaɓa, can ne cizonta,
Na wajen wuya taushi gare shi, bai iya tsini ba.

Tsirkiya shida, lamba 10 ce siririya,
Kakkaurar 46, ka ɗaura ka ja su ɗaya-ɗaya,
In ba su miƙe tun farko ba, saiti ba zai zauna ba.

Deluxe Reverb ita ce amfilifaya,
Wat 22, lasifika inci 12 guda ɗaya,
Bawul 6V6 biyu ke tuƙa ta, ba taransisto ba.

Murɗa ƙarar zuwa 4 ko 5 ka tsaya,
Nan bawul ke ƙoshi, kaushi ya taso daga baya,
Ka shafa ta yi tas, ka daka ta yi gurnani, ba sai da ƙarin akwati ba.

Twin Reverb wat 85 ce, ƙarfi gare ta,
Kafin ta yi kaushi kunne ya toshe a gabanta,
A bar wa mai jitar feda, ba taka ce ba.

Wadda aka yi don Amurka wutar 120 ce tata,
Tamu 230 ce, sai da taransifoma mai rage ta,
Ka soka kai tsaye, hayaƙi za ka gani, ba kiɗa ba.

Kar ka kunna ta da lasifika a cire,
Taransifomar fitar da sauti za ta ƙone ta ƙare,
Kuma gyaran wannan ba araha ba.

Kar hannu ya shiga cikinta ko an kashe ta,
Kafasito na riƙe da wuta sama da 400 a cikinta,
Bai san cewa an zare soket ba.

In ƙugi ya taso, kunnen ne ke kwasar wuta,
Nisanci doguwar fitila, ka juya da jita,
Akwai kusurwar da ba za ka ji shi ba.

Uwar Goge:

Ƙanena Ɗan Bawul, ka iya ƙarfe da waya,
Amma ka bar murya, ita ce gaba da kaya.

Je ka Minneapolis ka ji Jayhawks na waƙa,
Mark Olson da Gary Louris, murya biyu a saƙa.

Hollywood Town Hall a 1992 ya sauka,
A 1995 Tomorrow the Green Grass ya ɗora kan haka.

Ga yadda ake haɗin: ɗaya ya riƙe hanya,
Ɗayan ya hau mataki na uku, su jera tafiya.

In na ƙasa na kan G, na sama B zai kama,
In ya koma C, E ce ta ɗan'uwansa a sama.

Inda ake ɓaci, numfashi bai zo ɗaya ba,
Wannan ya rufe baki, wancan bai ƙare ba.

Ko na sama ya yi ƙarfi ya danne mai jan baiti,
Ya ja baya taki guda daga makirfo, a samu saiti.

Ƙarshen 1995 Olson ya yi musu sallama,
Louris ya ci gaba, amma saƙar sai bayan an jima.

Gogen Turawa tsirkiya huɗu, G, D, A da E,
A Whiskeytown ta Raleigh, Caitlin Cary ce ke riƙe.

Strangers Almanac na 1997, ka sa kunne ka ji,
Tana bayan Ryan Adams da goge da amshi, ba ta neman gwaji.

Dokar mai goge: mawaƙi na magana, ka yi shiru,
Ya numfasa, ka cike gurbin, haka baiti ke gyaru.

Ƙaro a bakan, yadda masu gogenmu ke shafawa,
Ya yi yawa sai ƙura da karce, ya yi kaɗan bakan na zamewa.

Sarkin Ganga:

Hajiya da Yaya, kun yi gini a bisa,
Kun manta da mai riƙe muku ƙasa.
Old 97's na Dallas, su ne gwanayen wasa,
Too Far to Care, 1997, nan suka ƙure gasa.
Philip Peeples ke musu bugun jirgin ƙasa,
Ga yadda ake yi, mai koyo ya buɗe kunnensa.
Ƙaramar ganga mai waya a ƙarƙashi ita ce tasa,
Dama, hagu, dama, hagu, hannu ba ya fasa.
Ƙirga huɗu: a 1 da 3 ƙafa ke taka babbar a ƙasa,
A 2 da 4 hannu ke ƙara nauyinsa.
Sauran bugun a bar su ƙasa-ƙasa,
In duk suka yi ƙarfi ɗaya, jirgin ya rasa kansa.
Waƙa mai sanyi, tsintsiyar waya za ka sa,
Mai zafi a ɗauki sanda, kowane da gurbinsa.
Cutar bugun gaggawa ce, tana shiga ba a lura da zuwansa,
A fara da 120 a minti, amshi na zuwa an wuce sa.
Magani na'urar ƙirga, daga 80 ka bi sa,
Ka ƙara biyar-biyar, sai hannu ya saba da kansa.
Mai bes kar ya yi yawo, gida biyu ne nasa,
In kamun G ne, G da D, tare da ƙafar mai ganga zai sa.

Baba Mai Feda:

Yara, kun kewaye gida kun bar ɗaki,
Kukan da ke tsinka zuciya, jitar feda ke wannan aiki.

Kwance take kan ƙafa huɗu, mai kiɗa yana zaune,
Tsirkiya 10, saitin E9, shi ne sananne.

Feda uku a ƙasa, ƙafar hagu ke taka su,
Sanduna huɗu a gwiwa, hagu da dama ake tura su.

Ƙafar dama na kan fedar ƙara, a buɗe ta a hankali,
A tsinki tsirkiya tukun, sannan sautin ya kumbura ya fito fili.

Hannun hagu na jan sandar ƙarfe mai santsi,
Na dama farce uku, na babban yatsa da biyu na ƙarfe masu matsi.

Feda ta farko na jan B zuwa C# ta tsaya,
Ta biyu na jan G# zuwa A, ka taka su gaba ɗaya,

Kamun E ya koma A, sandar ba ta motsa ba,
Wannan zamewar kunne ke ji, ido bai gani ba.

Mai jita bayan gaɓa yake dannawa,
Nan bisa layin sak, ka goce kaɗan sauti ya yi karkacewa.

Tsirkiya ta uku, lamba 11, ita ce mai tsinkewa,
Feda na jan ta tana saki, har ƙarfen ya kai ga gazawa.

Don haka a jaka ba a rasa ta ajiya,
Ba ta tsinkewa a gida, sai taro ya cika da duniya.

Gefen tafin dama ke kashe tsirkiyar da ta gama,
In ba haka ba sautuka su cakuɗe ƙasa da sama.

Lloyd Maines na Texas, a Anodyne ka neme shi,
Eric Heywood a Trace, ba ya cika surutu, shi ya sa nake son shi.

Autan Faifai:

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya,
Amma Anodyne da Trace, na wa ne, kuma me ya raba tafiya?

Malam Tsirkiya:

Auta, koma baya kaɗan zuwa 1992,
Ƙungiyar rok ta Nirvana ta cika duniya, kowa ƙara yake ƙarawa.

Uncle Tupelo suka ajiye wuta suka ɗauki jitar katako,
A Athens ta Georgia, Peter Buck na R.E.M. ke kulawa.

Kwana biyar, 16 zuwa 20 ga Maris,
Kwanakin nan su ne sunan faifan, ba su sha wahalar raɗawa.

Anodyne a 1993, sutudiyon Cedar Creek a Austin,
Kowa ya kaɗa tare, ba a dawo ana ɗorawa.

Doug Sahm, dattijon Texas, ya shigo da waƙarsa,
Tsoho da yara murya na haɗuwa.

Amma shugaba biyu a mota ɗaya ya yi nauyi,
Farrar da Tweedy suka daina jituwa.

Ran 1 ga Mayu 1994, a St. Louis,
Ɗakin Mississippi Nights ya ga wasan rabuwa.

Farrar ya kira Heidorn suka kafa Son Volt,
Tweedy ya riƙe sauran, Wilco ta yi tasowa.

A 1995 duka biyu suka fid da faifai,
A.M. na Wilco ya riga, Trace na Son Volt na biyowa.

A A.M. Brian Henneman na Bottle Rockets ya ja jita,
Ya yi aiki mai kyau, ba na musantawa.

Amma hukuncina, a shekarar nan Trace ya yi nasara,
Muryar Farrar da jitar feda ba su da abin zubarwa.

A shekarar Grant Alden da Peter Blackstock suka kafa mujalla,
No Depression ita ma, ta zama wurin taruwa.

Chicago na da Bloodshot, ƙaramin kamfanin faifai,
Wanda manyan Nashville suka ƙi, can yake samun karɓuwa.

Uwar Goge:

Malam, da girmanka, hukuncin shekara ɗaya ne,
Being There na 1996 faifai biyu ne, Tweedy ya nuna shi wane ne.

A 1998 Wilco da Billy Bragg na Ingila suka zauna,
Baitocin Woody Guthrie marasa kiɗa suka yi wa ɗinki da ƙauna.

Mermaid Avenue ke nan. Kuma kun tsallake mata,
Lucinda Williams ta yi shekaru tana rushe aiki tana sake gina ta.

Car Wheels on a Gravel Road a 1998 ya samu fita,
Ya ci Grammy, masu cewa ta cika tsanani suka bar zancenta.

Gillian Welch da Revival a 1996, T Bone Burnett ya tsara,
David Rawlings na gefe da ƙaramar Epiphone ta 1935, siririyar ƙara.

Sarkin Ganga:

Hajiya, Wilco gwanaye ne, ban ja da hakan nasa,
Amma Summerteeth na 1999 ya bar turbar ƙasa.
Madannai sun cika shi, jitar feda ta yi nisa,
Mai kewar ƙurar hanya, Trace zai sake sa.

Ɗan Bawul:

Auta, in kuna son ɗauka irin ta Austin,
Ɗaki ɗaya, kowa na ganin ɗan'uwansa a wurin,
Waƙar ta nuna tukun, ba a koyo tef na juyawa ba.

Makirfo Shure SM57 gaban lasifika,
Inci ɗaya daga raga, gefen tsakiya za ka saka,
Tsakiya sak tsini ne, kunne ba zai jure ba.

Dokar uku da ɗaya ka riƙe ta,
In makirfo na ƙafa ɗaya daga jita,
Na biyu ya yi ƙafa uku daga na farko, ba ƙasa da haka ba.

In suka matsu, sauti ɗaya ya iso su a lokaci daban,
Ka haɗa su, kaurin ya ɓace, ya bar maka ƙashin,
Sai ka zargi ganga, alhali ba laifinta ba.

Ganga za ta shiga makirfon mawaƙi ko ka ƙi,
Juya bayan makirfon gare ta, ka rataya bargo a ɗaki,
Mai ganga ya sassauta hannu, ba a gyara wannan daga baya ba.

In mutum ɗaya ya yi kuskure babba, kowa ya sake,
Ƙaramin kuwa a bar shi yadda yake,
Kar a wuce ɗauka uku ko huɗu, gajiya ba ta ƙara daɗi ba.

Baba Mai Feda:

Saura ɗaya, ga mai jitar katako a ƙasarmu,
Hunturu ba ya tausayin itace, ku tambayi kafintocinmu.

Danshi 45 zuwa 55 cikin ɗari take so,
In ya faɗi ƙasa da 30, fuskar ta tsage, ƙarshen gaɓa ya fito yana sukar hannu, ba ka so.

Alamar farko, tsirkiya ta kwanta tana zuza a kan gaɓa,
Fuskar ce ta lotsa, kar ka yi saurin murɗa ƙarfen wuya ka taɓa.

Nemi kwalin sabulu na roba, ka huda murfin wuri biyar ko shida,
Ka jiƙa soso ka matse shi sarai, kar ruwa ya ɗiga ya yi ɓarna a gida.

Ka sa a akwatin jitar wajen wuya, ka rufe shi da kyau,
Duk kwana biyu ka duba, in ya bushe ka sake jiƙawa, kar ka ce gobe, yi yau.