Ƙanena ya rasu ana bin sa da mota: mu yi shiru?

Yayar mamaci: Salamu alaikum. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Maraɗi. 'Yan sanda suka tsaida shi, ba shi da takardun babur, tsoro ya sa ya gudu. Suka bi shi har ya daki wata tirela a hanyar Dan Isa. Takalminsa ɗaya ma sai washegari yara suka tsinto. Matarsa tana takaba da goyo. Baba ya ce a bar wa Allah, amma ni zuciyata ta ƙi. Akwai hakki?

Tsohon direba: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Kada ki tsaya jiran sadakar arba'in. Ki nemi takardar likita ta mutuwa, da rahoton haɗarin da aka rubuta a wurin, da sunayen waɗanda suka gani tun ba su watse ba. Sannan a kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara a kotu. Tirelar kuma tana da inshora, a bincika can ma. In ba kuɗin lauya, akwai ANAJJ, hukumar gwamnatin Nijar mai ba da taimakon shari'a, don talaka aka kafa ta.

Wani: To amma me ya sa ya gudu?

Malama: Haba, malam! Rashin takarda tara ce, ba rai ba. Ko kisan kuskure sai da Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ambaci diyya. Kuma rabon maraya ba na Baba ba ne da zai yafe. Ki sa kawunku ya yi masa magana a hankali.