Muhawara: shin kwana huɗu a gari ɗaya asara ce a zagayen Suwizalan?

Ɗalibin Munik: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙara na kawo, domin abin ya tsaya mini a rai. Yayana zai zo daga Kano tare da maiɗakinsa a watan Yuni, kuma mun yanke shawarar zagaya Suwizalan a jirgin ƙasa na tsawon mako biyu. Na zauna na tsara mana garuruwa tara, wato Zurik, Luzern, Interlaken, Montreux, Jeniba, Zermatt, St. Moritz, Lugano da Bern, kowanne kwana ɗaya ko biyu. Da na aika masa sai ya soke tsarin baki ɗaya, ya ce masauki uku kawai zai yi, kuma ba zai ɗaga akwati ba sai ya kwana huɗu a wuri. Ƙasar nan fa ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba. Daga Zurik zuwa Bern tafiyar awa ɗaya ce, zuwa Jeniba ba a cika awa uku, kuma tun 1982 jadawalin jiragensu ke maimaita kansa duk awa, ta yadda idan wannan ya wuce ka wani yana tafe. Maganata ɗaya ce: wanda ya sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgin sama, sannan ya zo ya kwana huɗu a gari ɗaya, ya yi asara.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kalmar asara ta yi nauyi a bakin ƙane a kan shawarar yayansa, kuma da ita zan fara kafin a je ga garuruwa. Yawancin otal-otal suna son baƙo ya bar ɗaki kafin ƙarfe sha ɗaya na safe, ba kuma sa ba da sabon ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana, saboda haka duk ranar da kuka sauya gari, tsakiyar yininku za ta tafi ne a jan akwati da neman inda za a ajiye shi. Garuruwa tara na nufin ɗaure kaya sau takwas, kuma na san wanda zai riƙa ɗaurewa, ba kai ba ne, ba kuma yayanka ba. Idan akwai asara a wannan magana, to a tsarinka take.

Mai Lissafi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma kun kai kalmar inda ba nan aka nufa ba. Asara magana ce ta kuɗi. Katin Swiss Travel Pass na kwana 15, wanda baƙo ke hawa jirage da shi ba sai ya yanki tikiti ba, ana biyansa ne a jere, ranar da ka hau jirgi da ranar da ka yini a ɗaki duk an cire maka. Wanda ya saye shi ya zauna wuri ɗaya ya yi asara, wannan ba ya buƙatar jayayya. Idan Alhaji zama yake so, sai ya sayi katin rabin kuɗi da ake sayar wa baƙi na wata ɗaya, ya riƙa yankar tikiti a rabin farashi ranar da ya ga dama.

Ɗan Bern: Malam Mai Lissafi, wa ya gaya maka mai masauki ɗaya ba ya hawa jirgi? Wanda ya sauka a Lauterbrunnen ko Interlaken kullum yana kan dogo, bambancin kawai shi ne hannunsa babu akwati, kuma shi ke zaɓen ranar da zai hau dutse. Tashar Jungfraujoch tana kan mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta tsayi a Turai, amma ranar da gajimare ya sauka, mutum zai biya maƙudan kuɗi ya je ya tsaya cikin fari fat bai ga komai ba. Katin da kake magana a kai ma ba ya kai mutum can kyauta, a Wengen ko Grindelwald yake tsayawa, daga nan ragin kashi 25 cikin ɗari kawai ake yi. Mai kwana ɗaya dole ya hau ko da wane irin gari aka wayi, mai kwana huɗu kuwa yana duba sama da safe, idan ta rufe ya tafi tafkin Thun ko na Brienz ya jira gobe. Haka abin yake a Zermatt: dutsen Matterhorn yakan yini a lulluɓe, wanda ya hau tsaunin Gornergrat don kallonsa a irin wannan rana hazo ya je gani. Idan ana neman asara a jerin nan, a cire Jeniba, gari ne na ofisoshi da taruka.

Mazaunin Jeniba: Ban so shiga ba, amma ba zan yi shiru a kira garin da nake zaune asara ba. Ku da ke ɓangaren masu Jamusanci kun ɗauka ƙasar ta ƙare a inda harshenku ya ƙare. Duk wanda ya bi dogo ta gefen tafki daga Jeniba zuwa Lausanne har Montreux, ya ratsa gonakin Lavaux da aka sassaƙa a jikin tudu, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, ba zai faɗi abin da ka faɗa ba. Sannan mako biyu Juma'a biyu ke ciki, kuma babban masallacin Jeniba da ke Petit-Saconnex yana nan tun 1978. A wane ƙauyen kan dutse za ka kai Alhaji sallar Juma'a? Idan cirewa za a yi, Bern ce ta fi cancanta, yini guda ya ishe ta har da saura.

Ɗan Bern: Tsohon birnin Bern ya shiga wannan jeri na UNESCO tun 1983, shekara 24 kafin gonakinku, kuma rumfunan da ke gefen titunansa sun kai kilomita shida, mutum ya yi yawo ana ruwa bai jiƙe ba. Masallatai kuwa akwai su a Bern da Zurik da Luzern, ba ku kaɗai kuke salla ba.

Mazaunin Jeniba: Ban ce mu kaɗai muke salla ba, kada ka ɗora mini abin da ban faɗa ba a gaban manya.

Ɗalibin Munik: Don Allah yayyena, ba gasar garuruwa na kawo ba. Tambayata ita ce ko kwana huɗu a wuri ɗaya ya dace da wanda mako biyu kaɗai gare shi. Ko batun jirgin 'yan yawon buɗe ido na Glacier Express da na sa tsakanin Zermatt da St. Moritz babu wanda ya taɓa.

Mai Lissafi: To wannan ma ita ce babbar asarar. Tafiyar kilomita 291 ce da ke cin kusan awa takwas, kuma ko kana da kati sai ka biya kuɗin kama kujera daban. Jiragen yau da kullum suna bin dogon nan dai, su haye mashigin Oberalp mai tsayin mita 2,033, ba a biyan kuɗin kujera, kuma mutum yana iya sauka a Andermatt ko Chur ya miƙe ƙafa ya kama na gaba.

Hajiya Babba: Kai dai komai ka gani sai ka ɗora shi a sikeli. Sauya jirgi sau uku ko huɗu da kaya a hannu, ga mace da ba ta saba da gudun tasha ba, shi ne ribar? Awa takwas a kujera ɗaya ana kallon duwatsu da gadoji ta taga hutu ne ga mai shekaru. Abin da kawai zan tambaya shi ne yadda za a yi da azahar da la'asar.

Malamin Zaure: Hajiya ta taɓo inda ya kamata a fara tun farko. Matafiyi yana da sauƙin haɗa azahar da la'asar, yana kuma yin kasaru, amma a mazhabar Malikiyya da aka tashi a kanta a Kano, da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Saboda haka tsarin Alhaji da na ƙanensa ba su zama ɗaya ba ko a wajen ibada. A kuma tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara na dare, isha ba ta shiga sai bayan sha ɗaya, alfijir kuma yana ketowa kafin ƙarfe huɗu. Wanda ke da irin wannan gajeren dare, a ce kuma kullum ya kama jirgin safe da akwati, jikinsa ba zai kai mako biyu ba.

Mai Lissafi: Allah ya gafarta Malam, Hanafawa kwana 15 suka ce, kuma yawancin masallatan da ke can na Turkawa ne da mutanen Balkan, waɗanda Hanafawa ne.

Malamin Zaure: Mutum ba ya ajiye mazhabarsa a filin jirgin sama ya ɗauki ta masu masauki don ta fi sauƙi. Ka tsaya a lissafin tikiti, shi ka sani.

Mai Lissafi: Ban ce a ajiye komai ba, na faɗi abin da ke cikin littattafai ne, kuma ilimi ba gadon gida ɗaya ba ne.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, kada a taɓa mutuncin Malam. Ga abin da na fahimta an tsaya a kai. Kowa ya yarda cewa Alhaji ne ke da gaskiya, kuma kalmar asara ba ta dace ba, mun ɗauka an janye ta. Masauki uku sun wadatar: Luzern kwana huɗu, domin tafkinta da dutsen Rigi duk suna cikin kati, yankin Interlaken kwana biyar saboda yanayin sama, kamar yadda Ɗan Bern ya yi bayani mai gamsarwa, sai Zermatt kwana huɗu, a koma Zurik ta Bern a kama jirgin gida. Ɓangaren Jeniba ba a kawo hujjar da za ta sa a karkata can ba, sai a bar shi zuwa wata tafiyar. An rufe wannan batu.

Mazaunin Jeniba: Ranka ya daɗe, ban yarda ba, kuma ba a ce kowa ya yarda alhali ina nan. Na kawo tafki, na kawo Lavaux, na kawo Juma'a, ba ka ambaci ko ɗaya ba, kuma duk zauren nan an san a Thun kake zaune, kusa da Interlaken.

Ɗalibin Munik: Ni ma ban janye komai ba, ranka ya daɗe. A tsarin naka babu St. Moritz, babu Lugano, babu layin Bernina da ke sauka Tirano ta Italiya, wato an yanke gabas da kudancin ƙasar gaba ɗaya. Zan rage garuruwan zuwa biyar in sake aika wa Yaya a daren nan, amma har yanzu ina jiran wanda zai gaya mini ko katin kwana 15 zan saya mana ko na rabin kuɗi.