Wariya ko nuna bambanci? Neman kalmar da ta dace da dokokin jihohin Amurka

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. A takardun wayar da kai da ake rabawa 'yan'uwanmu mazauna Bronx a birnin Niyok na Amurka, wani ya rubuta "wariya", wani "nuna bambanci", duk ga kalmar Turanci ɗaya, "discrimination". Shi kuwa "civil rights law" na ga har an mayar da shi "dokar farar hula". Ya kamata mu tsayar da magana ɗaya.

Barista: Wa alaikumus salam Malam. A fara cire "farar hula", domin kishiyarta soja ce, kuma babu ruwan soja a nan. Saura "haƙƙin ɗan ƙasa", wanda kunnenmu ya saba da shi saboda sashe na 42 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya hana nuna bambanci, da ɗan ƙasa ya fara magana. A jihohin Amurka ba haka abin yake ba. Dokar Unruh ta Kalifoniya, ta 1959, a yau ta hana mai shago ko mai otal ya bambanta mutum saboda zamansa baƙo, ko harshen da yake magana da shi, ko matsayin takardunsa na shige da fice. Jihar Niyok ma ta ƙara zama ɗan ƙasa da matsayin takardu cikin dokarta a 2022. In muka rubuta "ɗan ƙasa", wanda bai da fasfon Amurka zai ajiye takardar ya ce ba da shi ake ba, alhali shi ya fi buƙatarta. Shawarata: "dokar jiha ta hana nuna bambanci".

Malamar Hausa: Barista, na yarda da wannan. Amma ina kare "wariya". Gajeriya ce, kowa ya san ta, gidajen rediyo sun daɗe suna cewa wariyar launin fata.

Barista: Hajiya, sanin da aka yi mata shi ne matsalar. Wanda ya ji "wariya" yana hango Afirka ta Kudu, ko jihohin kudu na ƙasar Amurka kafin 1964: famfon ruwa na farare daban, kujerun bayan bas na baƙaƙe. An ware ka ke nan, an raba ka da mutane. Yawancin ƙararrakin yau ba haka suke ba. Mace da namiji suna tebur ɗaya, aiki ɗaya, albashinta bai kai nasa ba. Babu wanda ya ware ta, amma an nuna mata bambanci. Mai gida ya ce wa mai neman haya "an riga an kama ɗakin" da ya ga hijabi, gobe ya ba wani. Mu bar wa "segregation" wariya, domin nan ne gidanta.

Jami'in karɓar ƙorafi: Akwai wani reshe da ko "nuna bambanci" ba ta kama shi sosai, domin "nuna" na ɗauke da niyya. A shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke, 1971, kamfanin ya gindaya shaidar kammala sakandare da jarrabawa ga kowa, fari da baƙi. Kotun Ƙoli ta ce tun da sharaɗin ya fi tankaɗe baƙaƙe kuma ba a nuna aikin na buƙatarsa ba, ya saɓa doka ko da babu mugun nufi. Don haka kalma biyu muke so: "bambanci da gangan" da "bambancin da ƙa'ida ta haifar". Ta biyun ta yi tsawo, amma mai karatu zai gane cewa ba sai ya tabbatar da abin da ke zuciyar mai gidansa ba.

Malamar Hausa: Na sauka daga kan wariya. To "protected class" fa? "Rukunin da doka ta kare"?

Jami'in karɓar ƙorafi: Wannan na sa mutum ya zaci wasu 'yan lele aka zaɓa. Dokar tana kare kowa, namiji da mace, Musulmi da Kirista. Abin da ta haramta shi ne dalilin. A ce "dalilan da doka ta hana a bambanta mutum a kansu", sannan a jera su jiha-jiha, don ba ɗaya suke ba. Dokar Elliott-Larsen ta Mishigan, 1976, ta sa har tsawo da nauyin jiki. Kalifoniya a 2019 ta hana a kori mace daga aiki ko makaranta saboda kitso. Kalmar "jiha" kuma kada ta faɗi daga sunan. Dokar tarayya ta 1964 da ta hana bambanci a wurin aiki ba ta hawa kan mai aikin da ma'aikatansa ba su kai 15 ba. Kalifoniya ta sauko zuwa 5, Niyok tun 2020 ko ma'aikaci ɗaya ne. Mai wanke kwanoni a ƙaramin gidan abinci dokar jiha ce gatansa. Ita Niyok ɗin ce ma ta riga kowa, tun 1945 ta hana bambanci wajen ɗaukar aiki.

Barista: A ƙara kalma biyu a takardar, Malam. "Ramuwar gayya" ga hukunta ma'aikaci don ya kai ƙorafi, laifi ne mai zaman kansa ko da ƙorafin farko bai yi nasara ba, muddin da gaskiya ya kai shi. Sai "wa'adin kai ƙara", a rubuta shi da manyan baƙaƙe: hukumar tarayya mai karɓar ƙorafin bambanci a wurin aiki kwana 180 take bayarwa, ya kai 300 inda jiha ke da tata dokar da hukumarta, Kalifoniya shekara 3 kan batun aiki. Lissafin daga ranar da abin ya faru yake farawa, kuma zaman sulhu da manaja ba ya tsayar da shi.

Mai fassara: Allah ya saka da alheri. Zan gyara takardar a kan haka. Saura "public accommodation", wanda wani ya mayar "masaukin jama'a", alhali shago da asibiti da gidan abinci duk suna ciki. Hajiya, me kike gani game da "wuraren hulɗa da jama'a"?