Zumunci, bursu ko guzuri?

1/ Daren jiya a fadarmu ta nan Maradi, shayi ya huce saboda kalma guda. Ƙanenmu mai aikin rediyo zai karanta sanarwa da Hausa, sai ya ci karo da "fellowship", irin wanda MFWA, ƙungiyar tallafa wa aikin jarida ta birnin Akara, ta fara ba ƴan jaridar Afirka ta Yamma a 2023 tare da asusun Co-Develop. Tunda kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ba ma haɗiye kalmar ɗanya.

2/ Wani ya duba waya ya ce "zumunci". Aka kwashe da dariya. Zumunci a ƙafa yake, ba a cika takarda a neme shi.

3/ Sai "bursu". Ita ta fi kusa, amma ta ɗalibi ce, kamar ƴan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: ka zauna aji, ka ci jarrabawa, a ba ka takarda. Shi wannan ɗan jarida yana bakin aikinsa. Ana zaɓensa ne na ƴan watanni, a horar da shi, a haɗa shi da wanda ya riga shi, a ba shi kuɗin fita, ya dawo da labari.

4/ Dattijonmu, tsohon malamin lakwal, bai ce uffan ba sai da aka zuba na biyu. Ya ce: "Yaro, wanda za shi tafiya ya dawo, mi ake ba shi?" Ƙanen ya ce: "Guzuri, Baba." Ya ce: "To."

Ni nan na tsaya: GUZURIN BINCIKE. Guzuri ba albashi ba ne, ba sadaka ba ce, kuma sai mai tafiya ake ba. Abin da ya fi yi mini daɗi, ya raba mu da "kuɗin mota" da "na goro", waɗanda kowa ya san abin da ake saye da su bayan taro.

5/ An yi gardama cewa guzuri bai ɗauko horon ba. Gaskiya ne. A ce "shirin guzurin bincike", horon ya shiga cikin shirin.

6/ Saura sunan abin da za a bincika a shirin, "Digital Public Infrastructure", wanda ake taƙaitawa DPI. Abu uku ne ginshiƙansa: shaidar ko kai wane ne, hanyar biyan kuɗi nan take, da musayar bayanai tsakanin ma'aikatu. Indiya na da lambar shaida ta Aadhaar, da hanyar biyan kuɗi ta UPI tun 2016. Maƙwabtanmu ƴan Najeriya na da lambar shaida ta NIN da ta banki, BVN. Duk mai fatauci zuwa Katsina ya san su.

"Ababen more rayuwa na zamani" bai yi mini ba, sai ka ce firiji da fanka ake nufi. Na kawo "gwadaben intanet na jama'a". Gwadabe kamar na Dan Isa zuwa Jibiya: mai jaki ya bi, mai tirela ya bi. Da ka faɗi haka, tambayoyin ɗan jarida sun fito da kansu: wa ya shimfiɗa shi, wa ke karɓar kuɗi a shinge, wa aka bari a gefe don ba shi da takardar haihuwa?

7/ Inda muka cije: sunan shi wanda aka zaɓa. "Ɗan guzuri" ya yi kama da yaron mota, "mai guzuri" kuma kamar mai sayar da ƙuli-ƙuli a tasha. Ƴan Damagaram da Katsina, ku kawo naku kafin labaran safe.